Kumburin ya sace amma fitsari ya ɗauke: allurar ce ko cutar?

Ta_Bagalam
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku warware mini, kaina ya ɗaure. Ɗan yayata ne, shekararsa 8. Tun bayan damina muƙamuƙinsa ya soma kumbura, haƙora suna girgiɗa, daga baya ciki ma ya tashi. An sha maganin haƙori, an sha na hangum, babu sauƙi, har aka tura su Yamai. Can aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce dajin kaluluwa ne mai suna Burkitt. Aka fara ba shi magani ta jijiya. Wallahi kwana biyu kumburin ya sace, har ya iya rufe baki ya tauna abinci, yayata ta turo hoto muna ta hamdala. A rana ta uku sai amai, jiki zafi rau, fitsari ɗigo-ɗigo, numfashi sama-sama. Yanzu yana ɗakin reya, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya tsananta. Likita ya ce mata ƙoda ce ta tsaya saboda ƙarin ya narke da sauri. Mu nan gida ba mu gane ba. Yaya samun sauƙi zai koma ciwo? Kakarsa ta wajen uba ta ce allurar ce ta ƙone shi, a ɗauko shi a dawo Maraɗi a yi na gida, kuma uban ya fara karkata ga maganar tsohuwarsa. Me zan gaya musu?

DanGulbi82
Allah ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ne, amma tun muna ƙanana an gaya mana daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Maƙwabcinmu da ƙafarsa ya shiga asibiti, anka yi mishi allurar nan, bai yi sati ba anka kawo gawa. Tsohuwar nan ba wauta ta faɗa ba, abin da idonta ya gani ne.

Majo_Tibiri
Ta_Bagalam, kafin kowa ya yi dogon bayani: kada a ɗauko shi. Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 650. Yaron da fitsarinsa ya ɗauke, zuciyarsa na iya tsayawa tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni ba tare da wata alama ba. Ki kira uban yanzu, ba gobe ba.

Lokotoro_SG
Ƙanwata, sannu da jinya. Maganar likitan da ke kan yaron ita ce gaba da tawa, amma abin da kika kwatanta sananne ne a wurinmu, a taƙaice ana ce masa TLS, gubar rushewar ƙari.

Burkitt na cikin dajin da ya fi kowane saurin girma a jikin ɗan Adam, ƙwayoyinsa kan ninka cikin kwana 1 zuwa 2. Saurin nan shi ya sa magani ke kama shi nan take, shi ya sa kuka ga muƙamuƙin ya sace. Amma ƙarin da ya sace ba iska ya bi ba, cikin jini ya zube. Kowace ƙwaya cike take da gishirin potasiyom, da fosfat, da kayan gadonta, DNA, wanda jiki ke juyawa ya zama asid urik. A kullum ƙwayoyinmu na mutuwa kaɗan-kaɗan, ƙoda tana tacewa ba mu ma sani ba. In ka rushe katangar ƙasa guda ka kwashe a hankali, lambatu ba zai ji komai ba. In ka rushe gida sukutum a yini ɗaya ka tura ɓaraguzan cikin lambatun ƙofar gida, kuma ga ruwan sama, kowa ya san abin da zai biyo.

Asid urik yana daskarewa cikin ƙananan bututun ƙoda ya toshe su. Fosfat yana kama kalsiyom na jini su dunƙule, su ma su kwanta a ƙoda, kalsiyom ɗin jini ya faɗi, sai ka ga yatsu na ƙandarewa ko yaro na jijjiga. Wanda ya fi tsorata mu kuma potasiyom ne. Kusan kashi 98 cikin 100 nasa a cikin ƙwayoyi yake zaune, na jini bai wuce 3.5 zuwa 5 ba. In ya kai 6 ya haura, bugun zuciya ya fara rikicewa, kuma ba ya sallama kafin ya tsayar da ita. Abin da Majo ke tsoro ke nan. Yawanci tsakanin awa 12 zuwa 72 da fara magani abin ke tasowa, daidai da lissafinki.

DanGulbi82
To Lokotoro ai ka yarda ke nan. Da ba a yi allurar ba, da ƙodar ba ta tsaya ba. Ka dai yi mana Turanci ne ka dawo kan maganar kaka.

Lokotoro_SG
Ɗan'uwa, ban ɓoye ba, maganin ne ya tayar da shi a wannan yaron. Sai dai girman ƙarin ne ke yanke yawan gubar, ba allurar ba. Wannan maganin dai, a yaron da ya zo da ƙari ɗan ƙarami, ana gamawa ƙoda ba ta ko girgiza ba. Kuma mun sha karɓar masu Burkitt da ƙodarsu ta riga ta tsaya ba a taɓa yi musu allura ba, don ƙarin in ya yi girma yakan fara ruɓewa da kansa. Barin Burkitt ba magani kuwa ba ya ɗaukar shekara, makonni ne zuwa 'yan watanni. Don wannan haɗarin ne tsarin maganin da likitocin Faransa suka shimfiɗa yake farawa da mako guda na magani mai sauƙi, COP, a zaftare ƙarin sannu-sannu kafin a kawo mai ƙarfi. Ƙungiyar GFAOP, da aka kafa a 2000 don dajin yara a ƙasashen Afirka masu Faransanci, kan wannan tsarin ta gina nata. Ko da mai sauƙin, in ciki ya cika da ƙari, abin na iya faruwa.

Hajiya_Zariya2
Innalillahi. Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni dai addu'a ce tawa.

Mai_Farmasi
DanGulbi82, bari in ƙara maka abin da zai fi ba ka mamaki. Ba sai allurar asibiti ba. Dexa ɗin nan da masu kwali ke yawo da ita a kasuwa, wadda mata ke sha don ƙiba, ita da 'yar'uwarta firednizon suna cikin magungunan dajin jini da na kaluluwa. Su kaɗai suna kashe ƙwayoyin. Yaro ya zo da kaluluwa a wuya, mai kwali ya ba shi dexa, kumburi ya sace, uwa ta ce mai kwalin nan hannunsa da albarka. Gubar nan tana iya tashi a gida, inda babu awon jini babu ƙarin ruwa. Kuma in an je asibiti daga baya aka ɗebi tsoka, dexa ta riga ta ɓata hoton, a rasa gane wane iri ne. Sai diklofenak da ibuprofen, waɗanda kowa ke ba yaro in jiki ya yi zafi: suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ta_Bagalam, ki tambayi yayarki ko akwai abin da take ba shi daga jakarta ban da na asibiti. Ba zargi ba ne, uwa ce, ko ni zan iya.

Inna_Tasawa
Ɗiyata, Allah shi ba shi lahiya. Mu can da in hitsari ya ɗauke ma yaro, ruwa aka ba shi da yawa, a jiƙa 'yar kanwa, a ba shi hura da nono mai sanyi, hanya ta buɗe. Tunda kun ce toshewa ta, mi za ya hana a ɗura mai ruwa ya wanke?

Majo_Tibiri
Inna, rabin maganarki ita ce tamu, amma lokacinta ya wuce. Kafin a fara magani da kwana ɗaya ko biyu, ruwa shi ne babban rigakafi. Yaro kamar wannan ana sa masa lita 2 zuwa 3 ta jijiya a yini, muna tsaye muna auna fitsarin da ke fita. Amma da zarar ƙoda ta rufe, ruwan da ya shiga ba shi da ƙofar fita. Fuska ta kumbura, ƙafa ta kumbura, ya taru a huhu, yaro ya shaƙe yana kwance kan gado. Yanzu ko kofi ɗaya ne sai an rubuta shi.

Nono da madara kuma fosfat ne cike. Ayaba, dabino, lemu, tumatir, dankali, zogale, duk abin da muke kai wa majinyaci don ƙauna, potasiyom ne. Na taɓa cire ledar dabino daga ƙarƙashin matashin wani yaro mai ciwon ƙoda, kakarsa har kuka ta yi wai na hana jikanta abincin Annabi. Raina bai so ba, amma na cire.

Burja_Boy
Kanwa ma ai potasiyom ce zalla, haka muka karanta a lakkol.

Mai_Farmasi
A'a Burja_Boy. Kanwar da ake kawowa daga Manga da yankin tafkin Cadi galibinta gishirin sodiyom ne. Ruwan toka ne ke da potasiyom sosai. Amma dukansu kada a ba shi. Da can likitoci ma kan zuba bikarbonat cikin ƙarin ruwa don asid urik ya narke, kusan dabarar Inna ke nan. An bar yin hakan a matsayin al'ada, saboda in fitsari ya rasa tsaminsa, asid urik ya narke amma kalsiyom da fosfat sun fi saurin daskarewa. An gyara gefe guda an ɓata ɗayan.

Dalibi_UDDM
Barka da aiki Lokotoro. Ni ɗalibi ne a sashen likitanci na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. An koya mana ma'aunin gane TLS da likitoci biyu, Cairo da Bishop, suka fitar a 2004: abu biyu cikin huɗu su kauce tsakanin kwana 3 kafin magani da kwana 7 bayansa, asid urik miligiram 80 a lita, potasiyom 6, kalsiyom ya sauka 1.75, fosfat 2.1 ga yara ko 1.45 ga manya. Amma babu zazzaɓi a ciki, babu numfashi sama-sama. Anti ta ce jikinsa zafi rau. Ba ƙwayoyin cuta ne suka shiga jini ba?

Lokotoro_SG
Madalla ɗalibi, ka taɓo inda ma'aunin bai kai ba. Zai iya zama ƙwayoyin cuta, zai iya zama zazzaɓin sauro, a ƙasarmu ba ka raina wannan. Saboda haka ba a jira: a ɗebi jini a shuka a labo don a ga ko akwai ƙwayoyin cuta, a duba maleriya, a fara antibiyotik nan take. Sai dai zazzaɓin da ke zuwa don magani ya karya fararen ƙwayoyin jini ya fi zuwa tsakanin rana ta 7 da ta 14. Na rana ta 3 yana da wani mai laifin.

Garkuwar jiki ba ƙwayoyin cuta kaɗai take yaƙa ba. Duk abin da ya kamata ya zauna cikin ƙwaya, in ta gan shi yana yawo a jini, ɗauka take an kawo hari. Tun 2006 masu bincike a Suwizalan suka nuna cewa daskararren asid urik yana kunna wani makunni cikin ƙwayoyin garkuwa, NLRP3, su saki IL-1, sinadarin da ke tayar da zazzaɓi da kumburi. Shi ne ke sa babban yatsan mai ciwon gut, ciwon gaɓɓai na taruwar asid urik, ya yi ja ya yi zafi. A nan ba yatsa ɗaya ba ne, jiki ne gaba ɗaya. Ƙwayoyin dajin su ma suna zubar da irin waɗannan sinadarai in sun fashe.

In garkuwa ta tunzura haka, fatar cikin jijiyoyin jini ce ke fara shan wuya. Ta saki, ruwa ya riƙa tsattsafowa waje. Hawan jini ya faɗi alhali jiki a kumbure yake. Huhu ya jiƙe, iskar oksijin ta ƙi shiga. Hanta ta rasa isasshen jini. Ƙodar da dama a toshe take ta ƙara rasa nata rabon, ga asid urik kansa yana matse jijiyoyinta ko bai daskare ba. Ɗaya ta faɗi ta ja ɗaya. Shi ne ake cewa gaɓoɓi sun gaza, kuma da ido ba ka raba shi da gubar ƙwayoyin cuta a jini.

Abin da ya tona wannan shi ne, a Turai an samu maganin da ke share asid urik cikin awa 4, amma duk da haka ƙodar wasu tana tsayawa. A 2022 wasu likitoci a Paris suka wallafa aikin da ya nuna cewa histon, furotin ɗin da DNA ke naɗe a jikinsa, yana yawaita cikin jinin masu wannan matsalar yana kuma raunata fatar jijiyoyin ƙoda. Wato lambatun da na ce ba toshewa kaɗai ya yi ba, bangonsa ma ya ci wuta.

Dalibi_UDDM
Na gode ƙwarai. Wato daidai yake da abin da ke samun masu maganin CAR-T a Amurka, wanda ake horar da ƙwayoyin garkuwar mutum su yaƙi daji?

Lokotoro_SG
'Yan gida ɗaya ne amma ba abu ɗaya ba. Can ƙwayoyin garkuwar da aka horar ne da kansu ke ambaliyar sinadarai, musamman IL-6, kuma akwai tosilizumab da ke tare shi. Nan tushen gawawwakin ƙwayoyin daji ne. Mutum ɗaya na iya haɗa duka biyu. Ka bar wannan sai ka zo asibiti, mun fara nisa da tambayar baiwar Allah.

Ta_Bagalam
Na gode muku duka, Allah ya saka. Na karanta wa uban bayanin Lokotoro ta waya, ya yi shiru, ya ce a bar shi tukuna. Yayata ta duba takarda, potasiyom 6.4 aka rubuta da safe. An yi masa wata allura an haɗa da ruwan sukari da insulin, ita kuma ta tsorata wai ko ciwon sukari ya kama shi. Mai_Farmasi, ta ce a gida kafin su tafi an ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare daga mai kwali, amma tun da suka je ba ta ba shi komai ba. Yanzu maganar wankin ƙoda ake. Nan ne uban ya sake tsayawa, ya ce wanda aka fara wa wanki ya shiga ke nan har mutuwa.

Majo_Tibiri
Ba ciwon sukari ba ne. Insulin yana kora potasiyom ya koma cikin ƙwayoyi na ɗan lokaci, sukarin kuma don kada insulin ya kayar da shi ne. Allurar farko mai yiwuwa kalsiyom ce don kare zuciya. Duka sayen lokaci ne, awoyi kaɗan, ba su fitar da komai daga jiki. Wankin ne ke fitarwa.

Ki gaya wa Alhaji wankin nan daban yake da na masu hawan jini ko sukari da ƙodarsu ta ƙare a hankali cikin shekaru. Wannan ƙoda ce lafiyayya da kaya ya yi wa yawa rana ɗaya. Mafi yawan waɗanda aka wanke a kan lokaci fitsarinsu yana dawowa cikin kwanaki ko 'yan makonni, a cire roba a ci gaba da maganin dajin. Ban ce kowa ba.

BaKatsine_Jibiya
Ku da kuke nan kusa da mu me ya kai ku Yamai? Ta Ɗan Isa zuwa Katsina bai fi tafiyar awa biyu ba, Kano kuma asibitin Malam Aminu Kano har dashen ƙoda suke yi tun 2002. Ga sefa ta fi naira ƙarfi.

Direban_Yamai
Malam BaKatsine, wannan shawarar ta kafin tafiya ce. Yanzu dai yana can. Ni hanyar nan nake bi, kuma tun da Majo ta yi maganar ruwa wani abu ke cina. Iyaye mata da marasa lafiya, in sun shigo mota da asuba, hana yaro ruwa suke yi don kada ya ce fitsari a tsayar da mota mutane su yi tsaki. Awa goma ko fiye, a watan Afrilu da zafi ya haura 40. Yaro ya sauka Yamai leɓe a bushe. Ashe ƙodar tun a mota muke fara gasa ta.

Lokotoro_SG
Direba, maganarka ta fi rabin abin da na rubuta amfani. Wanda ya iso a bushe, ko ƙarin cikin ya danne masa hanyar fitsari, shi ne kan gaba a haɗari. Duk wanda aka tura, matuƙar yana fitsari yadda ya saba, a ba shi ruwa a hanya, a tsaya masa.

Mai_Goro_Kasuwa
Duk wannan bayani ne mai kyau, amma ku faɗi kuɗin. Talaka ba allura yake tsoro ba, ordinas, takardar sayen magani, yake tsoro. Kyautar magani ta yara tun 2006 a ƙasa da shekara 5 ta tsaya, wannan kuwa 8 gare shi.

Hajiya_Zariya2
Ai an rage. Tun Satumba 2024 gwamnati ta zaftare rabin kuɗin asibitocinta, kuma jika 150 da ake ajiyewa kafin a fara wankin ƙoda an soke shi.

Mai_Goro_Kasuwa
Hajiya na ji a rediyo. Abincin mai jinya fa, da kwana a Yamai, da awon da za a ce a je a yi waje, da gonar da aka bari? Ni dai in za a yi karo-karo a zauren nan ina ciki.

Uwar_Biyu
Tun ɗazu nake karantawa ina sharewa in na rubuta. 'Yata dajin jini ne, fararen ƙwayoyinta sun haura 100,000 ranar da aka auna. An yi mata duk abin da kuka lissafa, ƙarin ruwa, ƙwayar nan alopurinol mai rage asid urik, awon jini safe da yamma. Ta rasu duk da haka, huhunta ne ya cika. Ban ce an yi sakaci ba, kwananta ne ya ƙare. Abin da har yau ban yafe ba shi ne babu wanda ya zaunar da ni kafin a fara ya ce, baiwar Allah, kwana ukun farko su ne masu haɗari, in kin ga kaza ki yi ihu. Da daddare na ga fitsarinta ya ragu, na ce bari gari ya waye kada in tashi ma'aikata. Da na san ma'anarsa da ban jira ba. Saboda haka DanGulbi82 kada ku yi masa ca. In ba a yi wa mutane bayani ba, da abin da ido ya gani za su yi hukunci: an yi allura, an mutu.

Majo_Tibiri
Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce. Ba ni da abin karewa, 'yar'uwa. Bayanin nan haƙƙinku ne, kuma da Hausa, ba a miƙa takardar Faransanci a ce sa hannu ba. Uwa ce ke kwana da yaro, ita ce za ta fara gani. Ni kowace uwa gora nake ba ta mai zane a jiki, in ce duk fitsarin da ya yi a nan, in rabin yini ya wuce bai kai zanen nan ba, ki tashe ni ko ina salla ki jira in sallame.

DanGulbi82
Allah ya gafarta mata. Kun ji dai. Maƙwabcin namu ma babu wanda ya ce wa iyalinsa uffan, gawa kawai anka ba su. Ni har yanzu ina nan kan cewa in ƙari ya riga ya cika ciki, gara a faɗa wa mutane gaskiya su zaɓa, ba a nuna musu kamar allura ɗaya ce a warke ba.

Malam_Limanci
Zaɓi haƙƙin uba ne, amma da ilimi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ɗauko yaro daga inda ake da na'urar da yake bukata a kawo shi inda babu, wannan ba tawakkali ba ne. A yi masa addu'a daga nan, tana isa Yamai ba kuɗin mota. Rubutu ma in ana so a sha, a tambayi likita tukuna tunda an ce ruwa a ƙidaye yake. Kuma ga manya masu irin wannan jinya: in azumi ya zo, mara lafiya Alƙur'ani ya ba shi rangwame ya rama daga baya, kada wani ya bushe ƙodarsa yana ganin ibada ce.

Dalibi_UDDM
DanGulbi82, a faɗi gaskiya ɗin har da ɗaya gefen. A ƙasashe masu hali yara 9 cikin 10 masu Burkitt suna warkewa sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta sa shi cikin daji 6 na yara da ta fi mayar da hankali a kai, da burin a kai kashi 60 cikin 100 na masu tsira nan da 2030. Cutar nan ma a Afirka aka gano ta, likita Denis Burkitt a Uganda, 1958, kuma ta fi yawa inda maleriya ta yi katutu, tare da wata ƙwayar cuta, EBV. Tamu ce. In muka ce kowa ya koma gida, yaran da za su rayu ma mun bayar da su.

DanGulbi82
Ƙasashe masu hali ka ce, ɗalibi. Ni Maraɗi nike.

Mai_Farmasi
A nan DanGulbi82 yana da gaskiya, kuma bambancin a bayyane yake. Alopurinol da muke da shi araha ne, amma hana sabon asid urik fitowa kawai yake yi, wanda ya riga ya taru ba ya taɓa shi. Shi ya sa ake fara shi tun kafin magani. Wanda Lokotoro ya ambata mai sharewa cikin awa 4 shi ne rasburikaz, a Turai Fasturtec, ya shigo kasuwa a farkon shekarun 2000. Yana juya asid urik ya koma alantoyin mai narkewa a ruwa. Akuya da saniya suna da wannan sinadarin a jikinsu tun haihuwa, mu 'yan Adam ba mu da shi. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancinmu, ga shi sai a firiji.

Amma ko wani ɗan'uwa a Faransa ya ce zai aiko, kada a yi gaggawa. Akwai wani rashi na gado a jini, G6PD, mai yawa a Afirka ta Yamma, ya fi kama maza. Mai shi in aka ba shi rasburikaz jajayen ƙwayoyin jininsa fashewa suke, fitsari ya yi baƙi, leɓe ya yi shuɗi. Sai an auna tukuna.

Hajiya_Zariya2
Wannan G6PD ɗin shi ne sikila?

Labo_Madarunfa
A'a Hajiya, daban ne. Mutum na iya zama AA yana da shi, bai kuma taɓa sani ba sai ranar da ya sha maganin da bai karɓe shi ba. Wani abu daga ɓangarenmu na labo: in aka wahala wajen ɗibar jinin yaro, aka matse hannu, ko kwalbar ta daɗe a zafi kafin ta iso, jajayen ƙwayoyi na fashewa a ciki, potasiyom ya fito sama alhali na jikin bai kai haka ba. Shi ya sa za ku ga an sake ɗiba, an kuma haɗa da awon bugun zuciya. Iyaye su ce ana shanye wa yaro jini. A wannan halin kowane awa 6 zuwa 8 ya kamata a auna, kuma kowane ɗiba bai fi ƙaramin cokali ba. 6.4 ga yaron da ba ya fitsari kuwa ba a tsaya jiran a sake ba, a fara magani ne a sake daga baya.

Yar_AliDanSofo
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Mahaifiyarmu dajin nono ne, an ba ta rana a cibiyar yaƙi da daji ta ƙasa a Yamai, wata mai zuwa za ta fara shimiyo, wato maganin daji, daga baya a gasa wurin da na'urar haske da ta fara aiki a 2021. Tun da na karanta wannan hankalina ya tashi. Ita ma haka za ta yi?

Lokotoro_SG
Kwantar da hankalinki. Dajin nono, na mahaifa, na hanji, ba su narkewa da irin wannan saurin, da wuya ƙwarai su kawo haka. Masu haɗarin su ne Burkitt da dajin jini mai saurin tashi, sai wasu dajin kaluluwa masu girma. Ki tabbata dai an auna ƙodarta kafin a fara, ki kai wa likitan duk abin da take sha, har na hawan jini da jiƙe-jiƙe, don wasu magungunan hawan jini suna ɗaga potasiyom.

Yar_AliDanSofo
Tana shan diklofenak kusan kullum saboda gwiwa.

Mai_Farmasi
Shi za ki fara ambata masa. Ki tafi da kwalin a hannu, kada ki ce "wani jan magani".

DanGulbi82
Lokotoro, tambayata ɗaya ba ka amsa ba. In Allah ya sa ƙodar yaron ta tashi, aka koma ba shi maganin mai ƙarfi, ba za a sake komawa gidan jiya ba?

Lokotoro_SG
Da wuya. Yawan ƙarin ne ke kawo gubar, kuma mafi yawansa ya riga ya rushe a zagayen farko. Zagaye na gaba abin tsoronsa daban ne: faɗuwar fararen ƙwayoyin jini, zazzaɓi, gyambon baki, sai kuma iyaye su ga yaro ya miƙe su ce ya warke su ƙi komawa. Burkitt da aka yanke wa magani a tsakiya yana dawowa, kuma na biyun ba ya jin magani kamar na farko. Wasu magungunan, irin metotireksat, ta ƙoda suke fita, saboda haka sai an ga awonta ya daidaita kafin a ba shi.

Mai_Goro_Kasuwa
Maganar karo-karon fa? Admin ka buɗe mana lissafi daban, kada ta nutse cikin Turancin likitoci.